Ɗalibin da Aka Kora Daga Ajin A

Na iya lissafi tun ina ƙarami, amma ban taɓa son sa ba. Ina faɗin wannan da ɗan tsoro, don da shi nake ci yanzu, kuma ba na so a ce na yi butulci. Abin da nake nufi shi ne, in aka rubuta tambaya a allo sai in hango amsar tana tsaye can ƙarshe, kamar yadda yaro ke hango akuyar gidansu cikin garken gari. In tashi in kamo ta, in dawo in zauna, ba wani daɗi. Tarihi da labarin ƙasa kuwa ina son su ƙwarai, su ne dai ba su san ina yi ba. Nakan saurari darasi baki buɗe, in koma gida ina ba kaina labarin a hanya, amma ranar jarrabawa sai in ɗauki sarkin wata ƙasa in ɗora shi bisa kogin wata, shekarun kuma su zube mini tun kafin in buɗe biro.

Da na ci jarrabawar burebe ta ƙarshen koleji aka tura ni lise, wato babbar sakandare, a Madawa. Daga ƙauyenmu na kusa da Deule zuwa can ba tafiyar kullum ba ce, saboda haka aka ajiye ni gidan Kawu, ƙanen Inna, mai sayen albasa a bakin hanya. A lise akwai aji iri biyu ga sababbin shiga: ajin A na harsuna da tarihi, ajin C na lissafi da kimiyya. Tun muna koleji daraktanmu ya tambayi kowa wanda yake so. Na ce masa duk wanda suka ga ya dace. Ya ce wannan ba amsa ba ce. Na ce to C, amma in akwai wuri a A ma ba laifi. Ya dube ni na ɗan lokaci, ya kira na bayana.

Ranar buɗe makaranta aka tara mu a fili. Sirbeyan, wato mai kula da tarbiyyar ɗalibai, ya hau bisa tebur yana kiran suna. Ya fara da 'yan A. Can tsakiya na ji sunana da na Baba. Na amsa, na shiga layi, zuciyata fari ƙal, ina cewa ashe daraktan nan ya fahimce ni fiye da yadda na fahimci kaina. Aka gama A, aka shiga C. Sai na sake jin sunana da na Baba. Ba wanda ya amsa. Ya sake kira. A karo na gaba ya ce duk wanda bai amsa ba za a soke shi a ba wani wurin.

Ya kamata in yi bayani a nan. A ƙasarmu sunaye ba su da yawa. Sunana irin wanda in ka kira shi a tasha mutane da dama za su waiwayo ne, har da direba, na Baba ma haka. Saboda haka na san mai yiwuwa ne ɗaya daga cikin sunayen biyu na wani yaro ne daban. Abin da ban sani ba shi ne wanne. In na C ne nawa na yi shiru, an soke ni. In na A ne nawa na bar layi, an soke ni. Sai na amsa daga cikin layin A, da ƙaramar murya, ina fatan a ji ni kuma kada a ji ni sosai. Sirbeyan bai ɗaga kai ba, ya wuce suna na gaba.

Na yi niyyar in jira mai sunan ya zo, in ga wanda zai ɗauka, ni in ɗauki ragowar. Mako ya wuce bai zo ba. Na je ƙofar ofishin sirbeyan don in yi bayani, na tarar yana zagin wasu yara da suka haura katanga, sai na ga ba ranar bayani ba ce.

Ranar kasuwa Baba ya zo da hatsin da ake kawo wa mai masaukin ɗalibi. Muna zaune ƙarƙashin rumfar albasar Kawu na gaya masa komai, ina jiran ya ce gobe in je in gyara. Ya murza goro. Sai ya tambaye ni wanne ne ya fi bada amfani. Na ce C, an ce daga nan ake zama likita ko injiniya, kuma na iya shi. Ya ce wanne ne nake so. Na ce ina jin A ne, amma ban iya shi sosai ba. Ya ce alhamdulillahi.

"Gonata nawa?" ya tambaye ni.

Na ce biyu, ta tudu da ta kwari.

"Shekarar da ruwa ya yi yawa ta kwari ta nutse, mi muka ci? Shekarar da ya ɗauke ta tudu ta ƙone, mi muka ci? Gwamnati ta ba ka hili biyu, kai kana neman wanda za ka maida mata. Ka tahi duka biyun. In kaka ta yi mu ga wadda ta yi."

Kawu ya sa baki, ya ce ai mutum ba ya zama wuri biyu lokaci guda. Baba ya ce shi ma ba ya zama gona biyu lokaci guda, da safe yana can, da marece yana nan, kuma ba wadda ta taɓa kai ƙararsa. Kawu ya ce makaranta ba gona ba ce. Baba ya tambaye shi aji nawa ya yi. Kawu ya tashi ya tafi duba buhuna.

Ba zan ce Baba ne ya sa ni ba. Ina da baki, da na iya cewa a'a. Amma gaskiya shawararsa ta yi daidai da halina, don ita ce kaɗai hanyar da ba ta bukatar in yanke komai.

Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne, azuzuwan bulo na manya ne. Mu sababbi rumfunan kara aka yi mana, aka kewaye da zana, kuma ajin A da ajin C baya da baya suke, zana ɗaya ce tsakaninsu. Awakin unguwa sun riga sun ci gindinta ta wani lungu, suka bar kafa daidai wucewar siririn mutum. Na kama bencin ƙarshe a A, na kama bencin ƙarshe a C, kafar tana tsakani. Kowane aji cike yake maƙil, malami na gaba ba ya ganin abin da ke faruwa a baya sai in an yi faɗa. Na sayi littattafan rubutu kashi biyu, kowanne da ledarsa. In malamin lissafi ya juya wajen allo, ni kuma na gama abin da ya ba mu, sai in durƙusa kamar biro ya faɗi, in ɓulla a tarihi.

'Yan bencin baya duk sun sani. Suka sa mini suna Tagwaye. In aka kira suna ba na nan, wani ya amsa mini, in ya manta kuma a rubuta ban zo ba. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne adalci. Ba na so ɗayan tagwayen ya fi ɗayan samun karatu, sai nake ƙoƙarin raba sa'o'in daidai, kuma duk ranar da na daɗe a A sai in ji kunyar na C, kamar na bar shi da yunwa.

Na ce adalci, amma ƙafata ta san inda take so. Ajin C ba a turo masa malamin tarihi ba tukuna a wannan zangon. Ajin A kuwa yana da wani dattijo siriri mai tari, wanda ba ya buɗe littafi. Wata rana ya shigo da dutse a aljihu, ya miƙa a zagaya da shi. A jikin dutsen akwai zanen ƙwaryar katantanwa, irin waɗanda muke tsinta bisa tsaunukanmu muna kiwo, muna jifar ƙadangaru da su. Ya ce wannan abin teku ne. Ya ce a wani zamani da ba mutum ko ɗaya, ruwan teku ne ya rufe Adar, daga Madawa har Keita da gaba, kuma tudun da ubanninmu ke nomawa ƙasan ruwa ne. Na zauna ina tunanin kifi yana wucewa ta saman rumbunmu. Ran nan ban koma C ba sam, aka yi darasin kimiyya babu ni. Da ya yi mana jarrabawa kan wannan darasin na cika takarda gaba da baya, har da kifin. Ya ba ni maki kaɗan, ya rubuta a gefe cewa labari ya yi daɗi amma ba a tambaye ni ba.

Malamin lissafi na C saurayi ne mai sauri, yana son kira na allo. In ya kira ba na nan sai 'yan baya su ce na zagaya. Da abin ya yi yawa ya tare ni a ƙofa, ya ce yaro mai kai irin nawa bai kamata ciki ya kashe shi ba, ya ba ni ƙwayoyin magani a takarda. Na sha su duka, don ban ga yadda zan karɓi maganin mutum in zubar ba. Kwana biyu ban iya durƙusawa ta kafar ba. A ajin A kuma akwai nasu malamin lissafin, wanda ban taɓa zama darasinsa ba tunda sa'arsa nake ba na C. Shi ya sanar a gaban aji cewa a duk shekarunsa na koyarwa bai ga wanda Allah ya hana wa lissafi kamar ni ba.

Mutum ɗaya ne ke koyar da azuzuwan biyu, malamin Faransanci. Shi na fi tsoro. Mako na farko ya tsaya kaina a A, ya ce kamar ya ganni a C. Kafin in buɗe baki wani ɗan bencinmu ya ce 'yan maza biyu ne, sunan kakansu aka sa masu duka. Mushe, kamar yadda muke kiran malami da Faransanci, ya gamsu. Daga ranar ya riƙa gwada mu. Yakan ce mini a A in yi koyi da ɗan'uwana, yaro mai natsuwa, ba ya tsoma baki cikin abin da bai sani ba. Na C ɗin kuwa natsuwarsa ta kunne ce, yana manne da zana yana sauraron tarihi. Wata rana ya ba ni saƙo a A, ya ce in gaya wa ɗan'uwana ya gyara rubutunsa. Na ce to. Da na ɓulla C na zauna, na faɗa wa kaina a hankali, don kada saƙo ya kwana a hannuna.

Haka muka kai ƙarshen zangon farko. Ba kafar ce ta tona ni ba, rashin zuwa ne. Sirbeyan ya shigo C ya ce mai suna kaza ya zo da ubansa ranar Alhamis, don rabin darussa ba ya nan. Na ce to. Na ɓulla A, ya shigo ya ce mai suna kaza ya zo da ubansa ranar Alhamis. Na ce to. Na aika wa Baba. Abin da ban sani ba, ɗalibin A yana da garinsu, Tamaske, kuma sirbeyan ya ba wani direba saƙo ya kai can.

Ranar Alhamis na tarar da Baba zaune kan benci a ƙofar ofishin shugaban makaranta, kusa da wani tsoho mai farin gemu da ƙunshi a cinya. Sun riga sun gaisa, sun gano sunansu ɗaya, suna ta dariya. Aka kira mu ciki. Shugaban ya ce ɗalibin C ya matso. Na matso. Ya ce ɗalibin A ya matso. Na duba ƙofa ko Allah zai kawo shi, sannan na ƙara taku ɗaya.

Tsohon ya dube ni sama da ƙasa, ya ce wannan ba nasa ba ne, nasa ya fi tsawo kuma ba ya sunkuyar da kai. Ya ciro waya ya kunna mana saƙon murya, muka ji wani saurayi yana gaida gida daga Aljeriya, yana cewa sanyi ya yi yawa amma aiki na tafiya. Tsohon ya ce tun kafin sakamako ya fito yaron ya bi mota. Da direba ya gaya masa ɗansa na zuwa rabin darussa a Madawa, sai ya yi murna, don ko yana gida bai taɓa zuwa rabi ba. Ya ɗauka ya dawo a ɓoye ne kunya ta hana shi isa gida, shi ya sa ya taho masa da ƙuli-ƙuli. Ya dubi ƙunshin, ya dube ni, ya miƙo mini.

Sirbeyan ya so a kori kowa da kowa. Shugaban, wanda ya daɗe yana danne dariya da hankici, ya ce ba zai iya korar yaron da ke Aljeriya kan laifin da aka yi a Madawa ba, kuma ba zai bar jiki ɗaya kan benci biyu ba. Ya buɗe sakamakon. Na C makinsa na lissafi da kimiyya ya ɗauke shi sama duk da rashin zuwa. Na A bai kai goma cikin ashirin da ake bukata ba, lissafinsa sifiri, tarihinsa ma da ƙyar, sai dai malamin tarihi ya shaide shi da son karatu. Shugaban ya ce yau zai soke suna ɗaya. In na zauna A, da makin A zan ci gaba, kuma na san abin da ake yi wa wanda bai kai ba a ƙarshen shekara. In na zauna C ya yafe rashin zuwan.

Tsohon ya roƙa a bar na A, ko yaron zai dawo ya tarar da wurinsa da ɗumi. Ya ce ni in ci gaba da zama masa, ai ko takarda ta fito sunan ɗaya ne, sai a san yadda za a raba. Na juya wajen Baba, na tabbata zai yanke kamar yadda ya yanke ƙarƙashin rumfa.

"Kada ka dube ni," ya ce. "Ni ban shiga ko ɗaya ba. Kai ka shiga, kai ka san abin da ke ciki."

Na roƙi a ba ni zuwa bayan azahar. Shugaban ya ce a'a.

Ina so in faɗi daidai abin da ya faru a kaina, ko da yake ban tabbata na tuna shi daidai ba. Bakina ya shirya cewa A. Sai kan nan nawa, wanda ba ya jiran a tambaye shi, ya shiga aiki. Ya ɗauki makin A, ya auna nawa zan bukata a sauran zango biyu kafin in tsira, ya sa lissafin da zan ci cikakke tunda yanzu zan zauna, ya cire abin da Faransanci da tarihi za su ci gaba da yi mini. Amsar ta fito tana tsaye a kan iyaka, na iya tsira, na iya faɗuwa. In na faɗi kuwa ba A ba C, sai mota, kamar mai sunana. Na ga Baba yana ɗora hatsi bisa mota kowane wata don wannan.

"Ina jin," na ce, "in ba damuwa, wataƙila na A ɗin ne ya kamata ya tafi."

Shugaban ya ja layi. Tsohon ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya ce in riƙe ƙuli-ƙulin. Baba ya raka shi tasha.

Ranar Litinin, bayan an ɗaga tuta, sirbeyan ya karanta sunayen waɗanda aka kora. Ina tsaye a layin C na ji sunana da na Baba, daga ajin A, saboda rashin zuwa da ƙarancin maki. Da aka watse 'yan bencin baya na A suka zo ɗaya bayan ɗaya suna ba ni hannu, suna cewa sai haƙuri. Na san wasa suke, amma na amsa masu da gaske. Malamin Faransanci ya tsayar da ni, ya ce ya daɗe da ganin ɗan'uwan nan nawa ba zai kai ba, in yi ƙoƙari in fidda gidanmu kunya. A makon aka kawo sabuwar zana.

Na ci bak, jarrabawar ƙarshen lise, ba tare da na maimaita aji ba, na tafi jami'a a Yamai, na karanta lissafi, na gama. Ba zan ce na yi kuskure ba, ba kuma zan ce ban yi ba. Akwai ranakun da nake ganin na tsira, akwai waɗanda nake ganin wancan ne ya kamata a bari.

Bara ina jiran mota a tashar Madawa na hango malamin tarihin zaune kan benci, ya ƙara tsufa, tarin yana nan. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da shekarar da na shiga lise. Ya tambayi abin da nake yi, na gaya masa. Ya ce madalla, lissafi abu ne mai kyau. Sai ya ƙura mini ido.

"Na taɓa yin ɗalibi mai irin sunanka," ya ce. "Korarsa aka yi. Bai iya komai ba, amma ban taɓa samun mai saurare kamarsa ba. Ko ka san inda ya ƙare?"

Har yau ban san ko ya gane ni ba. Fuskarsa ba ta nuna komai ba. Na ce masa ban sani ba, Mushe, amma na ji an ce yana nan lafiya. Ya ce in na gan shi in gaishe shi. Na ce to, zai ji. Yaron mota ya fara kiran masu zuwa Buza, na ɗauki jakata.